Gwangwanin duwatsun mahaifina da injin da na sayo dominsa

A wannan mako zan ajiye zancen siyasa da na tsadar hatsi, in ba ku labarin wani abu da ya ci mini kuɗi da barci, wanda kuma na san da yawa daga cikinku za su ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Ban ƙoshi ba, Allah shi ne shaida. Ga dai yadda abin ya faru.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban kamyo ne. Ya yi shekara fiye da 30 yana bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisanat. Da ya rasu a shekara ta 2021 aka zo rabon gado, sai aka tarar da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa, cike da tsakuwoyi. Malamin da ke rabo ya girgiza shi, ya leƙa ciki, ya ce wannan ba dukiya ba ce. Ƙannena suka yi dariya. Ni kuwa na ɗauka, domin na san asalinsa. Duk inda tsohon ya tsaya salla a daji, in idonsa ya faɗa kan dutsen da ya ba shi sha'awa, sai ya jefa shi aljihu, in ya iso gida ya juye a gwangwani. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Gwangwanin ya yi shekara biyu a bayan littattafaina. Ran nan ƴata, tana da shekara 6 a lokacin, ta zazzage shi cikin kwanon wanki. Sai ga duwatsun da na saba gani toka-toka sun farka: wani ja kamar barkono, wani ruwan zuma, wani fari da zane-zane kamar an yanka albasa. Da rana ta busar da su, suka koma yadda suke. Ta dube ni ta ce: "Baba, don me suke mutuwa in sun bushe?" Abin da na tuna daga darasin kimiyya na lise shi na faɗa mata: bayan dutse yana da kaushi, kaushin yana watsa haske, ruwa kuma yana cike ƴan ramukan sai launi ya fito. Ta ce to a cire kaushin mana. Wannan magana ita ta jefa ni cikin neman injin goge duwatsu.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, injin ba wani abin mamaki ba ne. Faransawa suna ce masa tonneau à polir. Ƴar ganga ce da ake zuba wa duwatsu da ruwa da wani gari mai kaushi, a rufe, a ɗora ta kan sanduna biyu, ƙaramin inji yana juya ta dare da rana. Duwatsun suna gogar juna, garin yana cin bayansu, kamar yadda gulbi yake yi wa tsakuwa cikin dubban shekaru, sai dai nan makonni ake ƙirgawa. Ana bin mataki huɗu, kowane da garinsa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A garin Kambat na ƙasar Indiya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana sarrafa tsakiya, masu sana'ar kan zuba duwatsun wuya cikin salkar fata tare da ruwa da gari, su yi kwanaki suna mirgina ta har su yi sheƙi. Abin da Turawa suka ƙara shi ne inji, don ya hutar da hannu.

Da na fara dubawa a salula, sai kaina ya ɗaure. Injuna iri-iri, kowane da hoton duwatsu masu walƙiya a jikin kwalinsa. Akwai na yara, mai gangar leda da maɓallai masu haske, shi ne mafi araha. Akwai mai gangar roba baƙa, marar ado, kamar kayan garaji. Akwai kuma wani iri dabam wanda ba ya juyawa sam, kwano ne mai karkarwa, ana cewa yana gama aiki cikin mako ɗaya ko biyu. Wani abokina da muka yi lakwal tare, yana aiki a Faransa, ya ce zai zo hutu a watan Yuli na 2023, in zaɓa ya riƙo mini. Da son raina ne, da na ce ya kawo mai karkarwa saboda sauri, ko na yara saboda aljihu. Abin da ya cece ni shi ne na tsaya na yi wa kaina tambaya uku, kuma su nake so in bar wa duk mai niyyar shiga wannan harka.

Tambaya ta farko: wane irin dutse gare ni? Inji ba ya mai da kowane dutse abin ado. A shekara ta 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai bisa tauri daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u a ƙoli. Dutsen ƙanƙara da danginsa, irin su tsakiya, suna kan 7, kuma su ne suka fi karɓar guga. Ƙarfen wuƙa da kwalba suna wajen 5 da rabi. Saboda haka gwajin mai sauƙi ne: ka karce dutsen da wuƙa. In ta yi masa rauni, mai taushi ne, ka ajiye shi gefe. In kuwa ita ce ta bar zanen ƙarfe a kansa, shi kuma yana iya karce kwalba, to ya cancanci shiga ganga. Da wannan gwaji na gane cewa manyan duwatsun Birni da muke alfahari da su a Damagaram ba su dace da ɗan koyo ba, domin haɗin ma'adinai ne masu tauri dabam-dabam, wani sashe yana cinyewa kafin wani, sai dutsen ya fito da ƴan ramuka. Marmara ruɓushewa take yi. Farin dutsen Adar, irin wanda ake siminti da shi a Malbaza, taurinsa wajen 3 ne, in ka haɗa shi da ƙanƙara a ganga ɗaya kunu zai zama.

Ban yarda da idona kaɗai ba. Na ɗauki gwangwanin na kai wa wani dattijo maƙerin Buzaye da ke aikin azurfa a bakin kasuwa. Ya shimfiɗa fata, ya juye, ya riƙa lasar yatsa yana shafa kowane dutse. Ya ware mini kashi uku: masu tauri, masu taushi, da masu tsaga a ciki waɗanda ya ce za su fashe. Sa'an nan ya ɗauko guda biyu ya sa a tafin hannuna. Ɗaya ɗan siriri ne mai tsini, an fiffiƙe gefensa. Ɗayan kuma ja ne, da huda a tsakiyarsa. Ya ce: "Ɗana, waɗannan hannun mutum ya riga ya taɓa su tun kafin kakannin kakanninmu. Wannan bakin kibiya ne, wannan dutsen wuya. In ka sa su a injinka, ka shafe aikin wanda ya yi su." Na ce: "Baba, ai ban sani ba." Ya ce shi ya sa ake tambaya. Daga baya na duba, ashe irin waɗannan kayan tarihi dokar ƙasarmu mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta ba su kariya. Na naɗe su a tsumma, ba su ƙara kusantar ruwa ba.

A wurin dattijon na ga talhatana, jan dutsen nan mai kusurwa uku da zobe a kai, wanda matan Buzaye ke ratayawa. Da yawa daga cikin tsofaffin, a ƙarni na 19 aka sassaƙa su a garin Idar-Oberstein na Jamus, da tsakiyar da aka ɗauko daga Barazil, aka sayar wa ƴan Afirka. Haka kuma jan dutsen lantana, fatake Hausawa ne ke ɗaukarsa daga wajen Kirtashi a bakin kogin Isa su kai Ilori, can a huda shi a goge. Wato mun daɗe muna son dutse mai sheƙi, mun kuma daɗe muna barin gugar ga wasu.

Tambaya ta biyu: wace irin wuta gare ni? Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Yawancin injunan da ake yabo a intanet na Amurka ne, an ƙera su don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, mai bugu 60 a daƙiƙa. Tamu kuwa 220 ce, bugu 50, irin ta Faransa. In ka jona na Amurka kai tsaye, ƙonewa zai yi nan take. In ka sa masa na'urar rage ƙarfin wuta, zai tashi, amma juyinsa zai ragu, yana kuma iya yin zafi fiye da kima, alhali a watan Afrilu da Mayu ɗakunanmu da kansu tanderu ne. Don haka abu na farko da za ka karanta a jikin inji shi ne ƴar takardar ƙarfen da ke manne da shi, ka ga 220 ko 230 da kuma 50.

Sai maganar ɗaukewar wuta, wadda ita ta raba mini gardama tsakanin mai juyi da mai karkarwa. Mai karkarwa ruwa kaɗan ake sa masa, ana leƙa shi sau da yawa a yini don kada ya bushe. In wuta ta tafi kana wurin aiki, laka na iya daskarewa ta riƙe duwatsun. Ban da haka, ba ya mulmula dutse, siffar da ka sa ita za ka cire, sai dai ta yi santsi. Mai juyi kuwa gangarsa a rufe take ruf, da ruwa isasshe. In wuta ta tafi ya tsaya, in ta dawo ya ci gaba. Ga ɗan koyo a ƙasarmu, ban ga abin da ya fi shi ba. Ban san cewa gwajin wannan zaɓi yana tafe da wuri ba. Injin ya iso hannuna a farkon Yuli na 2023. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan, Najeriya ta katse wutar da take ba mu a farkon Agusta, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Wuta ta koma ta rabo, unguwa-unguwa. Dole na daina ƙirga kwanaki na koma ƙirga awoyi a ɗan littafi: mako ɗaya na inji awa 168 ne, ni kuwa sai in yi kwana 20 ban cika su ba. In tsayawar ta yi tsawo, nakan ɗaga gangar in girgiza ta da hannu kafin in mayar, don garin da ya kwanta ya tashi.

Tambaya ta uku, wadda masu talla ba sa so ka yi: ina zan samu garin guga in na farko ya ƙare? Na zaci yashi zai yi, tunda Allah ya hore mana shi. Ba ya yi, domin yashi ɗan'uwan ƙanƙara ne, taurinsu ɗaya, ba mai cin wani sai da daɗewa ƙwarai. Garin da ake amfani da shi sunansa karborandum, wanda wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano yadda ake haɗa shi a 1891. Taurinsa ya haura 9. Ana sayar da shi da lamba, kuma yadda lambar ta ƙaru haka laushinsa yake ƙaruwa: 80 don mulmulawa, 220 don share tabon na farko, 400 ko 500 don santsi, sa'an nan farin garin alumin don fito da sheƙi. Na zaga shagunan kayan gini na garinmu ban samu ba. Ƴan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin inji kuwa na zubi ɗaya ne. Ganga mai ɗaukar kilo ɗaya na dutse tana cin wajen babban cokali 4 a kowane zubi, kuma matakin farko shi ake maimaitawa sau biyu, sau uku, har sau huɗu, sai duk ramuka sun ɓace. Saboda haka na ce wa abokina ya riƙo mini lamba 80 ninki uku na sauran, da kuma igiyar roba ta ajiya, wadda ke haɗa injin da sandunan, domin ita ce ke fara tsinkewa.

Da waɗannan amsoshi uku, zaɓin ya zo da kansa: mai juyi, mai gangar roba, mai ɗaukar kilo ɗaya da rabi, na wutar 220. Ban ɗauki babba ba, domin ganga ba ta aiki da kyau sai an cika kashi biyu cikin uku nata ko ɗan fiye. In duwatsu sun yi kaɗan, faɗowa suke yi kan juna su farfashe, kuma babbar ganga babban cin gari gare ta. Ban ɗauki na yara ba, domin araha ba ta ado: gangar leda tana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha, ta roba kuwa sautinta kamar ruwan sama daga nesa. Wanda ke zaune gidan haya da maƙwabta ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duka da gari da komai, jika 80 na biya, a lokacin da albashi mafi ƙaranci a ƙasar nan yake jika 30 da ƴan kai. Uwargida ta ji adadin, ta yi shiru, sa'an nan ta ce: "Malam, an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To mu dai muna jiran romon." Wutar da yake ci ba ta da yawa, wat 30 aka rubuta a jikin nawa, ƙasa da ƙwan fitila irin na dā. Na ajiye shi a inuwa kan daɓen siminti, ban rufe shi da komai ba don ya sha iska.

Zubin farko ban taɓa duwatsun tsoho ba. Na tsinto farin ƙanƙara a bakin hanya na yi gwaji da shi, kuma na gode Allah da na yi haka, domin kuskure biyu na tafka. Na farko, na zuba lakar da ta fito daga ganga a makwararar gida. Ta daskare kamar siminti, sai da aka fasa aka gyara, mai gidan haya kuwa bai ji daɗi ba. Tun daga ranar rami nake haƙa mata a bayan gida. Na biyu, na yi gaggawa wajen wanki tsakanin mataki da mataki. Ƙwaya kaɗan ta gari mai kaushi da ta maƙale a bakin murfi ta isa ta ɓata aikin makonni: duwatsun suka fito da santsi amma ba sheƙi, kamar idon da ya yi yana. Dole na koma baya. Yanzu buroshin haƙori nake sa wa kowane dutse da kowane lungu na ganga kafin in canza gari.

Sai a watan Janairu na 2024 na yi ƙarfin halin buɗe gwangwanin. Na raba masu taurin gida biyu, na zuba rabi, na cike da ƙananan ƙanƙara. Akwai wani ja mai ɗigon fari da nake so ƙwarai, wanda dattijon ya riga ya ce mini yana da tsaga. Na ƙi ji, na sa shi. Da na buɗe bayan matakin farko, gutsattsari uku na tarar. Wannan asara tawa ce, ba ta inji ba. Sauran suka ci gaba, wata biyu da rabi cur. Ranar da na wanke su daga farin gari na ƙarshe na shanya, suka bushe, launin bai gudu ba. Ƴata ta yi ta jira su mutu, ba su mutu ba. Sun ragu ainun, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu ya tafi cikin laka, amma sheƙinsu har kana ganin taga a jikinsu.

Na zuba su a faranti na kai wa mahaifiyata. Inna ta juya su a tafin hannu, ta yaba, ta ce sun yi kyau kamar na kanti. Can sai ta ce: "Amma waɗannan ba na babanku ba ne." Na rantse mata su ne. Ta ce ta ji, ita dai ba ta gane su ba. Ta sa aka kawo gwangwanin da sauran rabin, ta tona, ta ciro wani dutse mai faɗi, ruwan ƙasa, marar kyan gani, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Gefe ɗaya nasa ya yi sumul. Ta ce da shi yake taimama in ruwa ya yanke masa a hanya, shekara da shekaru yana cikin kamyo. Tafin hannunsa ne ya goge shi haka. Dutsen yana cikin masu tauri, ya ci gwajin wuƙa, kuma da ba don na raba gida biyu ba, da yanzu ya zama ƙwallo mai walƙiya da ba wanda zai san ko na wane ne.

Rabin da ya rage na bar shi yadda tsoho ya bar shi. Injin kuwa bai huta ba: yanzu duwatsun da ni da ƴata muke tsintowa yake ci, waɗanda ba su da tarihin kowa a kansu tukuna. Wani makaniki maƙwabcina ya leƙa cikinsa ya ce ba komai a ciki sai ƙaramin inji da sanduna biyu da igiya, yana kuma ƙoƙarin haɗa irinsa da injin goge gilashin mota, don ya yi aiki da batirin hasken rana. In ya yi nasara zan ba ku labari.

Wanda ke da niyyar saye, ya fara da wuƙa da kwalba kafin ya taɓa aljihu, ya karanta lambar wuta, ya tanadi gari na wata shida, ya kuma yi zubin farko da duwatsun da ba zai yi kuka ba in sun lalace. In akwai dattijo a gida, a nuna masa abin da za a zuba kafin a rufe murfi. Mai zuwa daga Turai kuma da ke da sarari a jakarsa, lamba 80 tawa ta kusa ƙarewa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.